Daga Bariki Zuwa Kasuwa: Shin Kuɗin Yaƙi Ne Ke Haifar da Fasaha?

A shekarar 2024 ƙasashen duniya sun kashe kimanin dala tiriliyan 2.7 a kan harkar soja, kamar yadda cibiyar SIPRI da ke Stockholm ta ƙididdige, kuma Amurka ita kaɗai ta ci kusan tiriliyan ɗaya a ciki. Duk sa'ad da wani ya yi ƙorafi a kan irin waɗannan maƙudan kuɗi, akwai amsar da ba ta tsufa: ai intanet ɗin da kake ƙorafin a kansa soja ne suka samar da shi, haka taswirar da ke cikin wayarka, haka jirgin da ke kai alhazai Jidda. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, shi ya sa take da wuyar turewa. Sai dai idan aka bi kowace ƙirƙira aka ga yadda ta faro da yadda ta fito kasuwa, za a tarar kuɗin soja ba ko'ina suke haihuwa ba. A wasu ƙasashe sun haifi masana'antu, a wasu kuwa sun shige rami ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba. Bambancin yana cikin yadda aka kashe su da abin da aka yi da ilimin da ya fito.

Alaƙar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. A zamanin yaƙe-yaƙen Napoleon, babbar damuwar rundunar Faransa ita ce abinci, domin nama da ganye ba sa jure doguwar tafiya, musamman a teku. Wani mai sana'ar alewa da girki, Nicolas Appert, ya yi shekaru yana gwada zuba abinci a kwalba, ya toshe bakinta, ya dafa ta cikin tafasasshen ruwa. Sojan ruwa suka gwada suka ga bai lalace ba. A 1810 gwamnati ta ba shi faran 12,000, amma bisa sharaɗi guda: ya wallafa yadda ake yi kowa ya karanta. A cikin shekarar nan aka yi wa dabarar rajista a Ingila, ƙasar da Faransa ke yaƙi da ita, aka maye gurbin kwalba da gwangwani. Tumatirin gwangwani da kifin gwangwani daga nan suka samo asali. A riƙe wannan sharaɗi na wallafawa, zai yi mana amfani a gaba.

A Amurka kuwa bindiga ce ta koya wa masana'antu ƙera kaya iri ɗaya sak. Da can kowace bindiga maƙeri ɗaya ne ke yin ta da hannu, idan kunamarta ta karye sai an koma wurin maƙeri ya sassaƙa wata. Ma'aikatar yaƙi ta so a riƙa cire ɓangaren wannan a sa wa waccan a filin daga. A 1798 Eli Whitney ya karɓi kwangilar bindigogi 10,000 da alkawarin gamawa cikin shekara biyu, ya ɗauki kusan goma, kuma abin da ya kawo bai cika burin ba. Duk da haka gwamnati ba ta janye hannu ba. Ta ci gaba da zuba kuɗi a maƙerunta na Springfield da Harpers Ferry har John Hall ya cimma abin a shekarun 1820. Babu ɗan kasuwar da zai jure asarar shekara talatin a kan buri ɗaya. Ma'aikatan da suka koyi aikin a can da injinan da aka ƙera domin shi su ne suka bazu zuwa masana'antun keken ɗinki, keken hawa, daga baya mota.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ne ya mayar da wannan alaƙa tsari. A 1940 masana biyu a Jami'ar Birmingham, John Randall da Harry Boot, suka ƙera wata 'yar na'ura mai fitar da igiyar rediyo mai ƙarfi, wadda ta ba da damar ƙanƙanta rada, wato na'urar hango jirage daga nesa, har ta shiga jirgin sama. Birtaniya tana shan ruwan bama-bamai, ba ta da sukunin ƙera ta da yawa, sai ta ɗauke ta a akwati ta kai wa Amurka. Ita ce dai ke ɗumama abinci a cikin na'urar maikirowef a yau. Maganin fenisilin tun 1928 Alexander Fleming ya gano shi, amma ya zauna a ɗakin gwaji fiye da shekara goma, sai da buƙatar yi wa sojoji magani ta sa gwamnatin Amurka ta tara kamfanonin magunguna suka koyi sarrafa shi a manyan tankuna. ENIAC, kwamfutar nan mai nauyin tan 30 da aka gina a Jami'ar Pennsylvania, an yi ta ne don lissafin inda harsashin igwa zai faɗa. Ba a nuna ta ga jama'a ba sai Fabrairun 1946, yaƙi ya riga ya ƙare.

Amma idan ana son a ga yadda abin yake aiki daki-daki, babu misalin da ya kai na 'yar ƙwayar nan da masu gyaran waya ke kira IC, wato guntun silikon da aka cusa wa da'irar lantarki gaba ɗaya. Jack Kilby na kamfanin Texas Instruments ya fito da ita a 1958, Robert Noyce na Fairchild ya fito da tasa a 1959. Ba soja ne suka ƙirƙiro ta ba. Matsalar ita ce babu mai saye. Tana da tsadar gaske, kuma mai ƙera rediyo ba shi da dalilin biyan wannan kuɗi alhali tsofaffin kayan haɗi suna yi masa aiki da araha. Masu saye biyu ne kaɗai tsada ba ta dame su ba, nauyi da girma ne damuwarsu: rundunar sojan sama mai son ƙwaƙwalwa marar nauyi ga makami mai linzami na Minuteman II, da hukumar NASA mai son kwamfutar da za ta kai kumbon Apollo duniyar wata. NASA ba ta soja ba ce, amma 'yar Yaƙin Cacar Baka ce, gasa da Tarayyar Sobiyet ce ta haife ta.

A 1962 kusan duk IC ɗin da aka ƙera a Amurka gwamnati ce ta saye, kowace ɗaya a kan kusan dala 50. Abin da ya biyo baya shi ne asirin lamarin. A farkon ƙera irin wannan kaya, mafi yawan abin da ya fito daga injin lalatacce ne, sai a zubar. Da yawan yi ake gane inda ƙura ke shiga, inda zafi ya yi yawa, inda hannu ke kuskure. Kowane odar gwamnati kuɗin makaranta ne ga kamfanin. Kafin 1968 farashin ya faɗo ƙasa da dala 3, kuma kason da tsaro ke saye ya koma ƙasa da rabi, domin masu ƙera kwamfutar ofis da na'urar lissafi sun shigo kasuwa. Akwai kuma wata ɗabi'a ta Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, da ta yi tasiri ba tare da an yi niyya ba: ba ta yarda ta dogara da kamfani ɗaya, sai ta nemi a samu na biyu mai iya ƙera kaya iri ɗaya. Wannan ya tilasta wa kamfanoni koya wa abokan hamayyarsu aiki. Injiniyoyi suka riƙa ficewa suna kafa nasu, Noyce da Gordon Moore suka bar Fairchild suka kafa Intel a 1968. Yankin da ake kira Silicon Valley haka ya tsiro.

To a nan soja ba maƙeri ba ne, mai sayen fari ne: mai aljihu mai zurfi, mai haƙuri da kayan da bai gama nuna ba, wanda kuma bai hana a sayar wa wasu ba.

Labarin intanet ya ɗan bambanta, kuma an fi yi masa ƙari. Ranar 4 ga Oktoban 1957 Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko. Hankalin Amurka ya tashi, domin rokar da ta kai shi sama za ta iya kawo bam ɗin nukiliya. A Fabrairun 1958 gwamnatin Eisenhower ta kafa hukumar ARPA a ƙarƙashin ma'aikatar tsaro. Hukumar ba ta da ɗakin gwaji ko ɗaya. Aikinta ta ɗauko ƙwararre daga jami'a na 'yan shekaru, ta danƙa masa kuɗi, ta ce ya nemo masu basira ya ba su. Ana yawan cewa an gina ARPANET, layin haɗa kwamfutoci na ARPA wanda shi ne kakan intanet, don sadarwa ta tsira daga harin nukiliya. Wannan tunani na Paul Baran ne a cibiyar RAND, kuma dabararsa ta yayyanka saƙo gunduwa-gunduwa ta yi amfani, kamar yadda Donald Davies ya gano irinta a Ingila ba tare da sanin aikin Baran ba. Amma abin da ya sa Bob Taylor, jami'in ARPA, ya nemi kuɗin aikin a 1966 ya fi haka sauƙi: kwamfutoci suna da tsada, kowace jami'a tana son tata, shi kuma yana son su riƙa amfani da na juna. Ranar 29 ga Oktoban 1969 aka tura saƙon farko daga Los Angeles zuwa cibiyar bincike ta Stanford. Haruffa biyu suka isa, na'urar ta tsaya.

Abin lura shi ne ɗaliban jami'a ne suka rubuta yawancin ƙa'idodin, kuma a fili suka rubuta su, kowa na iya karantawa ya yi gyara. Vint Cerf da Bob Kahn sun wallafa tsarin TCP/IP, ƙa'idar da kwamfutoci ke bi su yi magana da juna a intanet, a mujallar ilimi a 1974. A 1983 soja suka ware nasu layin daban suka bar sauran ga masu bincike, daga baya hukumar kimiyya ta farar hula ta karɓi ragamar. Shafukan yanar gizo kuwa, waɗanda su ne mafi yawan mutane ke nufi da intanet, ba su da alaƙa da soja ko kaɗan. Tim Berners-Lee ya tsara su a 1989 a cibiyar CERN da ke kusa da Geneva, cibiyar kuma ta sake su kyauta a 1993.

GPS, tsarin taurarin ɗan'adam da ke nuna wa waya inda take, shi ne na soja tsantsa, don jiragen yaƙi da makamai aka yi shi, an harba tauraronsa na farko a 1978. A Satumban 1983 jirgin fasinjan Koriya ta Kudu ya ɓace hanya ya shiga sararin Sobiyet, aka harbo shi, mutum 269 suka mutu. Bayan nan Shugaba Reagan ya yi alkawarin farar hula za su amfana da tsarin. Ko da hakan, soja sun riƙa gurɓata siginar da gangan yadda za ta iya kuskure wuri da kusan mita 100. Sai a watan Mayun 2000 Shugaba Clinton ya sa aka daina. Duk sana'o'in da suka dogara da taswirar waya, daga masu tasi zuwa masu kai saƙo, bayan wannan shawara ta siyasa suka samu gindin zama. Taurarin suna sama tun tuni, ƙofar ce ba a gama buɗewa ba.

Yanzu a juya kwabon. Idan yawan kuɗin soja ne ke kawo fasaha, da Tarayyar Sobiyet ce ta mallaki kasuwar kwamfuta. Kason arzikinta da take kashewa a kan tsaro ya ninka na Amurka, tana da masana lissafi da injiniyoyi na gani na faɗa, ita ta fara kai tauraro sama, ita ta fara kai mutum a 1961. Amma binciken yana kulle a garuruwan da ko a taswira ba a sa su. Injiniyan da ya gano abu a masana'antar makamai ba shi da hanyar fita ya kafa kamfani, mai ƙera talabijin ba shi da hanyar jin labarin abin da aka gano. Ko injin kwafe takardu sai da izini ake taɓa shi. Masanin lissafi Viktor Glushkov ya kawo shawarar haɗa kwamfutocin ƙasar a layi ɗaya tun shekarun 1960, ma'aikatu suka yi ta ja-in-ja a kan wa zai riƙe ragama har maganar ta bi ruwa. A ƙarshen shekarun nan hukumomi suka zaɓi kwaikwayon kwamfutocin kamfanin IBM na Amurka, kuma mai kwaikwayo kullum a baya yake.

Kada a ce wannan ciwon kwaminisanci ne kawai. Birtaniya ma ta yi irin wannan asara har sau biyu. A 1944 injiniya Tommy Flowers ya gina Colossus, na'urar lantarki mai warware saƙonnin sirrin Jamus a Bletchley Park, kafin ENIAC ta fara aiki. Da yaƙi ya ƙare aka wargaza yawancinsu, aka ƙona zane-zanen, aka rantsar da ma'aikatan su yi shiru, ba a fara jin labarin ba sai a shekarun 1970. Na biyu ya fi ciwo. A farkon shekarun 1970 masana a hukumar leƙen asiri ta GCHQ, James Ellis da Clifford Cocks, suka gano dabarar kulle saƙo da mabuɗi biyu, ɗaya na fili ɗaya na sirri. Aka sa a durowa. Bayan 'yan shekaru masana a jami'o'in Amurka suka sake gano ta da kansu, suka wallafa a 1976 da 1977. Irin wannan dabara ce ke tsare kuɗinka duk lokacin da ka yi tiransifa ta waya. Ba a bayyana cewa Birtaniya ta riga kowa ba sai 1997, lokacin kasuwa ta riga ta watse.

Japan kuma ta zo ta ɗaya gefen. Bayan 1945 tsarin mulkinta ya ɗaure mata hannu, ta shafe gomman shekaru kuɗin tsaronta na yawo a wajen kashi 1 cikin 100 na arzikin ƙasa. Injiniyoyinta ba su da kwangilar makamai mai tsoka, dole suka nemi abin da talaka zai saya. Wani ƙaramin kamfani da daga baya ya zama Sony ya sayi lasisin taransista, 'yar ƙwayar da ke sarrafa wutar lantarki a cikin rediyo, a kan dala 25,000, ya fito da rediyonsa a 1955. Kafin shekarun 1980 Japan ta mamaye kasuwar rediyo, talabijin, kyamara, har ta sha gaban Amurka a wasu nau'o'in IC. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Gaskiya ne Japan ta ci moriyar binciken da wasu suka biya, kuma laimar tsaron Amurka ce ta ba ta wannan sukuni. Amma hakan ma hujja ce: ribar fasaha ba lallai ta koma wurin wanda ya sayi makaman ba.

Akwai kuma ƙirƙire-ƙirƙiren da ake jingina wa yaƙi alhali yaƙin ne ya are su. Ita kanta taransista a ɗakin binciken kamfanin tarho na Bell aka gano ta a 1947, ko da yake aikin rada na lokacin yaƙi ya share fage. Jirgin sama masu gyaran keke biyu ne suka tashe shi a 1903. Dabarar Haber da Bosch ta zaro sinadarin naitirojin daga iska, wadda ita ce uwar takin yuriya da manomi ke nema kowace damina, don noma aka fara ta, kamfanin BASF ya buɗe masana'antarta a 1913. Da yaƙi ya ɓarke a 1914, jiragen ruwan Birtaniya suka tare hanyar gishirin albarushi daga Chile, sai Jamus ta karkatar da ita ga yin bama-bamai. Yaƙin ya faɗaɗa masana'antar, haka ne, ita kuma ta tsawaita yaƙin.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne buƙatar soja takan karkatar da fasaha zuwa inda bai dace da kasuwa ba. Soja na son abin da ya fi kowanne ƙarfi ko nawa ne kuɗinsa, mai saye a kasuwa na son abin da ya wadatar a farashin da zai iya. Sojan saman Amurka ne suka ɗauki nauyin injinan sassaƙa ƙarfe masu aiki da lissafi a jami'ar MIT a farkon shekarun 1950, aka yi su manya masu tsada don fukafukan jirgi. Kamfanonin Japan irin su Fanuc suka yi masu sauƙi da ƙananan masana'antu za su iya saye, suka kwashe kasuwar. Sannan ga tambayar da babu mai iya kauce mata: da an zuba kuɗin nan da waɗannan ƙwaƙwalen kai tsaye a kan lafiya ko noma, me za a samu? Irin alkamar Norman Borlaug da ya ceci miliyoyi daga yunwa a Indiya da Pakistan, gidauniyar Rockefeller da gwamnatin Mexico ne suka ɗauki nauyinsa, da kuɗin da ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da na makamai. Eisenhower kansa, janar ɗin da ya jagoranci sojojin ƙawance a Turai, ya faɗa a 1953 cewa kuɗin babban jirgin yaƙi guda zai gina makarantar zamani a garuruwa fiye da 30. A jawabinsa na bankwana a Janairun 1961 ya yi kashedi a kan ƙawancen soja da masu masana'antar makamai. Mutumin da ya kafa ARPA ke nan.

Ga ƙasashe irin namu akwai wata tambayar da ta riga duk waɗannan: a ina ake kashe kuɗin? Kuɗin da aka biya aka sayo jirgi daga waje, injiniyoyin ƙasar da ta ƙera shi yake horarwa. Najeriya ta kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna tun 1964. Brazil ta kafa Embraer a 1969, shekara biyar bayan haka. Sai dai Brazil ta fara ne da makaranta: sojan samanta sun buɗe cibiyar koyar da injiniyancin jirage ta ITA a 1950, suka yi kusan shekara ashirin suna yaye ɗalibai kafin a yi maganar kamfani. Da kamfanin ya tashi, rundunar ta zama mai sayen fari na jirginsa Bandeirante, aka kuma bar shi ya nemi kasuwar fasinja a waje. An sayar da shi ga 'yan kasuwa a 1994, yau yana cikin manyan masu ƙera jiragen fasinja a duniya. Jiragen Super Tucano 12 da Najeriya ta karɓa a 2021 a kan kusan dala miliyan 500, ƙirar Embraer ce, an harhaɗa su a Florida. Ba a rasa yunƙuri a gida ba, a 2018 sojan sama sun ƙaddamar da jirgi marar matuƙi mai suna Tsaigumi a Kaduna. Amma samfuri ɗaya ba ya zama masana'anta sai an samu mai odar ɗaruruwa shekara bayan shekara, da wutar lantarki, da jami'ar da ke ciyar da shi da mutane.

Ko a Amurkar ma ruwan ya sauya hanya. A 1960 ma'aikatar tsaronta ita kaɗai ke ɗaukar fiye da kashi ɗaya cikin uku na duk kuɗin bincike da ake kashewa a duniya. Zuwa 2016 kason ya faɗo ƙasa da kashi 4 cikin 100, ba don ta rage ba, sai don kamfanoni da sauran ƙasashe sun yi mata nisa. Tun 1994 sakataren tsaro William Perry ya umarci rundunoni su riƙa sayen kayan kasuwa maimakon dagewa a kan nasu na musamman. A yaƙin Yukiren, ƙananan jirage marasa matuƙa da aka yi don ɗaukar hoton biki su ake ɗaura wa gurneti, sadarwar fagen daga kuma ta dogara da Starlink, intanet ɗin tauraron ɗan'adam na wani kamfanin ɗan kasuwa. IC mafi ƙwarewa a yau yawancinsu kamfanin TSMC na Taiwan ke ƙera su, manyan abokan cinikinsa kuma masu waya ne da masu kwamfutocin ƙirƙirarriyar basira, irin su Apple da Nvidia. Wannan ne ya sa a 2022 majalisar Amurka ta ware kimanin dala biliyan 52 don lallashin kamfanoni su dawo su kafa masana'antun a cikin gida.